Mai kunya a fili, mai sakin baki a waya

Kunya ba aibi ba ce, kuma masu ita suna da yawa. A binciken Philip Zimbardo na Jami'ar Stanford a shekarun 1970, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce su masu kunya ne. Matsala tana tasowa ne idan wanda ba ya iya haɗa ido da baƙo ya shiga intanet. Ba mai jin rawar muryarsa, ba mai ganin gumin tafinsa, sai harshe ya kwance. Masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya yi bayanin haka a 2004: rashin ganin fuska yana sa mutum faɗin abin da ba zai faɗa ido da ido ba.

Babban kuskure shi ne zaton zazzage ciki ne ke ƙulla abota. Hira ta ɗan yi daɗi, sai ga labarin rikicin gida, da ciwon da kake ɓoyewa, har da abin da ke asusunka. Faɗi kaɗan, ka jira ka ji nasa. Wanda kullum tambaya yake jerowa, nasa cikin kuwa a ƙulle, ja da baya.

Wanda ya fi damuna shi ne nauyin baki wajen cewa a'a, domin macuta sun san wannan lagon. "Turo min hotonki mana, ko ba ki yarda da ni ba ne?" "Wasu lambobi shida sun shigo wayarka bisa kuskure, taimaka ka turo min." Da lambobin nan ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum. "Ba na bayarwa" ta isa, ba sai da dogon uzuri ba. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya ma, ana ɗaukarsa da wata wayar.

Cikakkiyar ranar haihuwa, sunan mahaifiya, hoton tikitin jirgi ko ƙofar gida: a cire su daga shafi, a kuma hana kyamara liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi.

Akwai kuma ɓuya a bayan waya ana jiran kunya ta tafi da kanta. Hira sai da yi ake iya ta. Gai da abokin aiki, yi masa tambaya ɗaya, ka saurari amsar har ƙarshe maimakon kitsa abin da za ka ce. Idan tsoron mutane ya kai ga hana ka aiki ko karatu, je ka ga likita, ana maganinsa.