Yadda ake kafa hukumar kare muhalli ta jiha, da yadda ake tsara aikinta

A shekarar 1988 aka gano dubban ganguna na sharar guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar jihar Bendel, wato Delta ta yanzu. Abin ya girgiza gwamnatin soja ta wancan lokaci, ta fitar da Doka ta 58 ta 1988 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, kuma dokar ta ƙarfafa wa jihohi gwiwa su kafa nasu hukumomin. Daga nan aka sami irin su KEPA a Kaduna, BASEPA a Bauchi, da LASEPA a Legas a 1996. An shigar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sannan aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2007. Yau jihohi da dama suna da hukumar, da ofis da allo da motoci, amma aikinta ya tsaya ga kwasar shara da tare hanya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Wanda zai kafa sabuwa ko ya gyara tsohuwa, ya sa a ransa cewa yana gina hukumar da za ta iya auna gurɓata, ta tabbatar da ita da hujja, ta kai mai laifi gaban alƙali.

Dokar da za ta tsaya a kai

Komai yana farawa daga dokar da majalisar dokokin jiha za ta zartar. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka, amma wannan bai ba wani jami'i ikon shiga masana'anta ba. Dole dokar jiha ta faɗa ƙarara cewa jami'in da ke ɗauke da katin shaida yana da ikon shiga wurin sana'a a lokacin aiki ba tare da ya sanar ba, ya ɗebi samfur, ya duba takardu, ya ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, ya rufe wuri idan wa'adin ya cika. Duk ikon da aka manta ba a rubuta ba, lauyan kamfani zai gano shi a zaman farko.

Kada a rubuta adadin kuɗin tara a cikin jikin dokar. Dokokin da aka yi a shekarun 1990 sun faɗa wannan rami: tarar da take da nauyi a lokacin, yau ba ta kai kuɗin man janareto na yini ɗaya ba, kuma canza ta sai an koma majalisa. A ba hukumar ikon yin ƙa'idoji, a sa tara da ma'aunai a ciki, a riƙa sabunta su ta gazet, wato mujallar da gwamnati ke buga dokoki a ciki. A kuma nemi izinin gurfanarwa daga Babban Lauyan jiha tun da wuri, domin lauyoyin hukumar su riƙa shigar da ƙara da kansu a kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka.

Sai a fayyace hurumi, don nan ne rigima take yawan tasowa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kwasar shara da kula da kasuwanni da mayanka da bayan-gida na jama'a. Haƙar ma'adinai kuwa ta tarayya ce, haka nan amincewa da rahoton tantance illar manyan ayyuka ga muhalli a ƙarƙashin Doka ta 86 ta 1992. Jiha tana shiga zaman nazarin rahoton, tana kuma bin sawun aikin bayan an fara. A zauna da ofishin NESREA na jihar a rubuta yarjejeniya kan wa zai duba me, in ba haka ba mai masana'anta ɗaya zai ga tawaga biyu a mako guda, kowace da rasit ɗinta, ƙarshe ya daina sauraron kowa.

A raba mai sa ido da mai kwasa

Idan hukuma ɗaya ce take kwasar shara, take gudanar da juji, kuma ita ce za ta hukunta wanda ya ƙona shara a juji, to mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ga kuma kasafin kuɗi: tifa da man dizal da albashin masu shara suna lashe komai, ɗakin gwaji ya tashi a tutar babu. Legas ta raba su, LAWMA na kwasa, LASEPA na sa ido, Kano ma tana da REMASAB don shara. Jihar da ba ta da ƙarfin hukumomi biyu, ta ware asusun sassan biyu da shugabancinsu.

Kwamitin gudanarwa kada ya wuce mutum bakwai zuwa tara, a ciki har da wakilan ma'aikatun lafiya da ruwa da shari'a, da masani daga jami'a, da wakilin masu masana'antu. Sassa huɗu sun isa a fara da su: sa ido da tilasta bin doka, ɗakin gwaji, tantance ayyuka da ba da izini, sai shari'a da wayar da kai. A ɗauki masana sinadarai da duba-gari masu lasisi kafin a cika ofis da ma'aikatan tebur, a kuma buɗe ƙaramin ofishi a kowace shiyyar sanata.

Aikin wata shidan farko shi ne ƙidaya. A bi gari unguwa-unguwa a rubuta duk inda gurɓata ke fitowa: majemu, marina, injinan casar shinkafa, mayanka, gidajen mai, masu ruwan leda, asibitoci, masu narka tsohon batir, masu niƙa dutsen zinare. Kowane a ɗauki wurinsa a taswira, abin da yake fitarwa, da inda ruwansa yake zuba. Sannan a kasa su uku bisa haɗari. Majemun Challawa da Sharada da Bompai a Kano, masu fitar da ruwa mai sinadarin kuromiyom, sun cancanci ziyara duk wata uku, mai wankin mota kuwa sau ɗaya a shekara ya ishe shi.

Ɗakin gwaji da ɗibar samfur

A nan shari'a take tsayawa ko ta rushe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen babbar na'urar auna ƙarafa masu guba, ta zo ta tarar babu tsayayyar wuta, babu iskar asitilin da take aiki da ita, babu wanda aka horar, ta shekara cikin leda. A fara da na hannu: ma'aunin pH mai nuna yawan tsamin ruwa, ma'aunin zafin ruwa da iskar oksijin da ke cikinsa, ma'aunin ƙara, kwalaben samfur, kula mai ƙanƙara, da firji mai sola. Gwajin ƙarafa a yi yarjejeniya da jami'a mafi kusa har zuwa lokacin da ɗakin zai tsaya da ƙafarsa.

Ranar fita, a daidaita ma'aunin pH da ruwan gwaji na 4 da 7 da 10, a rubuta a littafi. A ɗebi ruwa daga bakin bututun da yake fita daga masana'anta, sannan a ɗebi na rafi sama da bututun da kuma ƙasa da shi, don kada kamfani ya ce dama ruwan a gurɓace ya iso. A auna pH da zafi nan take, domin suna canzawa a hanya. Ƙa'idar tarayya ta 1991 ta sa pH tsakanin 6 da 9 ga ruwan da za a saka cikin rafi. Samfurin gwajin BOD, wanda ke nuna yawan ƙazantar da ke cinye oksijin na ruwa, a sa shi a ƙanƙara a daraja 4 ta ma'aunin Salshiyas, a fara gwajinsa kafin awa 48. Shi kansa gwajin kwana biyar yake ɗauka a daraja 20, saboda haka in wuta ta ɗauke a kwana na uku, sakamakon ya lalace. Na ƙarafa kuwa a ɗiga masa asid ɗin naitirik har pH ya yi ƙasa da 2.

A raba samfur gida biyu a gaban wakilin kamfani, a like, ya sa hannu, a ba shi ɗaya. Kowace kwalba ta tafi da takardar da ke nuna wa ya ɗiba, ƙarfe nawa, wa ya karɓa. In aka sami giɓi a wannan takarda, sakamakon gwajin ba zai yi nauyi a kotu ba ko da daidai yake. A riƙa kai ziyarar dare jefi-jefi, don akwai masu tara ruwan dauɗa da rana su sake shi bayan isha'i.

Jihar da ake haƙar zinare ta nemi na'urar hannu mai auna dalma a cikin ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Lasisin haƙa na tarayya ne, amma ƙurar da ke cikin gidajen mutane ba ta jiran Abuja.

Kuɗi da jama'a

Hukumar tana bukatar layinta na kanta a kasafin jiha, da kaso sananne daga kuɗin izini da take tarawa wanda zai riƙa dawo mata duk wata. Kada gwamnati ta ɗora mata adadin da za ta tara daga tara, kada kuma a ba ɗan kwangila karɓar tara bisa kamasho. Da zarar an yi haka, jami'i ya fi son laifi ya ci gaba a kan a gyara shi.

A buɗe lambar waya ɗaya ta koke, kowane koke a ba shi lamba da rana, a je wurin cikin kwana uku, a kira mai koken a gaya masa abin da aka tarar. Masu unguwanni da dagatai su ne suke fara sanin rijiyar da ta canza ɗanɗano, saboda haka a ba su lambar jami'in shiyya. Idan aka baje rahoton wani babban aiki na kwana 21 na aiki don jin ra'ayin jama'a, a taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, a karanta a rediyo, a kai kwafi fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma tun ranar farko.