Yadda Ake Ɗibar Ruwan Kogi Don Gwaji

Idan ka shiga ƙungiyar da ke sa ido kan gurɓataccen kogi a matsayin mai koyon aiki, ɗibar ruwan gwaji na cikin ayyukan da za a fara ba ka.

1. Tun hannunka na bushe, rubuta sunan wurin, kwanan wata da lokaci a jikin kwalba. Jiƙaƙƙiyar kwalba ba ta karɓar rubutu.

2. Sa safar hannu da dogon takalmin roba. Ka nufi inda ruwa ke gudu, ka bar gefen da ya kwanta.

3. Fuskanci inda ruwan ke gangarowa, ka miƙa hannu gabanka. Nan sababbin shiga suka fi tafka kuskure, domin ƙafarka na tayar da laka, in ka ɗiba ta bayanka, lakar za a auna. Ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan kogin, kana zubarwa bayanka. Ban da kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta irin su E. coli: ita an riga an tsabtace ta, ba a ɗauraye ta, kuma kada yatsa ya taɓa cikin murfin. Kowace kwalba ce, nutsar da ita baki ƙasa, kamar santimita 20 zuwa 30, sannan ka juyo ta ta cika. Bar ɗan sarari a sama don a iya girgizawa.

4. Zafin ruwa, pH (ma'aunin tsamin ruwa) da iskar oksijin da ke cikin ruwan, nan take ake auna su, domin suna canjawa cikin kwalba. In oksijin ya yi ƙasa da miligiram 5 a lita, kifi ya fara jigata.

5. Jera kwalabe cikin kula mai ƙanƙara, su isa ɗakin gwaji cikin awa 6.