Yadda za ka shiga kiɗan Randy Weston ba tare da ka gaji a hanya ba

Ranar da na fara kunna kiɗan Randy Weston, makaɗin piyanon jazz ɗan Amurka, ban kai minti uku ba na kashe. Piyano ne zalla, ba baiti ba amshi, ni kuwa kunnena da waƙa ya saba. Daga baya na gane ta wutsiya na kama abin. Ga hanyar da ta yi min aiki.

Ka fara da sanin mutumin. An haife shi a Brooklyn, cikin birnin New York, a 1926, ya rasu a 2018 yana da shekara 92. Dogo ne sosai, kusan mita biyu. Mahaifinsa mai gidan abinci ne kuma mabiyin Marcus Garvey, jagoran fafutukar haɗa kan baƙar fata da Afirka, tun Randy yana yaro yake nanata masa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. Riƙe wannan, don duk kiɗansa a kai ya ginu.

Sai ka nemi iyafis mai kyau. Lasifikar waya tana haɗiye sauti mai kauri, shi kuma Weston a nan dukiyarsa take. Kunna "Little Niles", wanda ya rubuta don ɗansa, ka manta da hannun dama tukuna. Bi hannun hagu kawai, can ƙasa inda piyano ke gurnani. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, kana buga cinya. Za ka ji mutumin ganga yake kaɗawa da piyano. Ni sai a saurare na huɗu, ina zaune kan tabarma bayan isha'i, na tsinci ƙafata tana bin kiɗan ba da izinina ba. Wannan nauyin hannu da yawan shiru tsakanin bugu, wajen gwanin piyanon jazz Thelonious Monk ya ɗebo su, ya daɗe yana zuwa gidansa sauraro.

Daga nan ka wuce faifan Highlife na 1963. Shi ne mafi sauƙin shiga. Weston ya zo Legas a 1961, ya sake dawowa a 1963, kuma a faifan akwai "Niger Mambo" na makaɗin Najeriya Bobby Benson. Wannan ba ya buƙatar bayani, kunna kawai.

Inda nake so ka daɗe shi ne Maroko. A 1967 ya zaga ƙasashe yana wasa, zangon ƙarshe Maroko, sai ƙasar ta kama shi ya koma can da zama, har ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms a Tanja. A nan ya haɗu da Gnawa, jikokin mutanen da aka tsallaka Sahara da su cikin bauta daga Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa. Shawarata, kafin ka ji abin da Weston ya yi da kiɗansu, ka saurari su kansu Gnawa na kwana biyu. Ƙarafan da suke kaɗawa a hannu sambani ne sak, gimbirinsu mai tsirkiya uku kuwa ɗan'uwan molo ne. Wanda ya taɓa jin garaya a gidan biki ba zai ji baƙunta ba. Bayan haka sai ka kunna "Blue Moses", wanda ya samo daga waƙar Gnawa ta Sidi Musa, wato Annabi Musa. Iri biyu za ka tarar. Na 1972 da piyanon lantarki aka yi, ya fi sauran faya-fayansa kasuwa, amma shi kansa bai so sautin ba, ni ma ina bayansa. Nemi wanda ke cikin The Spirits of Our Ancestors, da aka naɗa a 1991.

Faifan Uhuru Afrika na 1960 ka bar shi ƙarshe. Babbar ƙungiyar makaɗa ce ta yi shi, makaɗiya Melba Liston ta tsara kiɗan, marubucin waƙoƙi Langston Hughes ya rubuta kalmomin, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuma ta haramta shi. Yana da nauyi, ba a jin sa ana hira. Ka ware masa dare guda, ka sa waya a yanayin jirgi.