Imel a wayar hannu: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk mai riƙe da wayar Android a Kaduna yana da imel, ko ya sani ko bai sani ba, domin Play Store ba ya buɗuwa sai da asusun Google. Matsalar ita ce da yawa ba su suka buɗe da hannunsu ba. Mutum ya sayi sabuwar Tecno ko Infinix a shagunan titin Ahmadu Bello Way, ya miƙa wa yaron shago ya ce a saita masa. Yaron ya ƙirƙiri adireshi, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a kai, wani lokacin ma ya sa lambar wayarsa shi kansa don lambar tabbatarwa ta shigo da sauri, ya miƙo waya, aka rabu da "Allah ya sa albarka". Daga nan ne yawancin wahalar take farawa, kuma a kan wannan nake so in fi tsayawa.

Wayar ba ta tambayar kalmar sirri kullum, shi ya sa ake ɗaukar shekaru ba a lura ba. Sai ranar da aka fizge ta a Kawo, ko gilashinta ya mutu, ko mai gyara ya yi mata filashin. A ranar mutum zai gane cewa sunayen mutanensa, hotunansa, rajistar JAMB ta ɗansa da saƙonnin banki duk suna cikin ɗakin da makullinsa ke aljihun wani. Tun daga Android 5.1, wayar da aka wanke, wato aka goge duk abin da ke cikinta, ba tare da an cire asusun ba za ta tsaya ta ce sai an shigar da imel ɗin da ke kanta a da. An yi haka ne don ɓarayi, amma masu wayar da ba su san kalmar sirrinsu ba su ne suke yawan faɗawa ciki.

Gyaran yana da sauƙi matuƙar wayar na hannunka kuma asusun a buɗe yake. Shiga Gmail, taɓa hoton da ke sama ta dama, ka rubuta adireshin a takarda harafi bayan harafi. Sannan ka shiga sarrafa asusun Google, sashen tsaro, ka duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye don dawo da asusu. In ba naka ba ne, canza. In ka manta kalmar sirrin, nemi sabuwa yau daga wannan wayar, domin Google ya fi yarda da na'urar da ya saba gani. Ka rubuta ta a littafin da ke gida, ba a bayan murfin wayar ba. Kada kuma ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka, su ake fara gwadawa.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da ya fi ba ni tausayi, wato layin da ya mutu. An rufe layuka da yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da NIN, kuma kamfanonin sadarwa kan sake sayar da lambar da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba. Idan lambar da ke jikin imel ɗinka ta koma hannun wani, lambar tabbatarwa shi za ta je wa. Duk ranar da ka sauya layi, ka sauya shi a cikin asusun a ranar. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu kuwa, wato tsarin da ke neman ƙarin shaida kamar lambar tabbatarwa bayan kalmar sirri, ya sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ya kwafe su a takarda. Haka ma ɗalibin da aka buɗe wa imel a kafe lokacin rajistar JAMB ko NYSC: ka karɓi adireshin da kalmar sirrin kafin ka tashi daga kujera, ka sa shi a wayarka, ka canza kalmar. Za a neme ka ta wannan adireshin bayan shekaru. Kuma tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya yi shekara 2 ba a shiga ba, don haka a riƙa leƙawa.

Sai kukan da aka fi yi: "Sun ce sun turo, ni ban gani ba." A zamanin BlackBerry, in ka biya kuɗin wata, saƙo na shigowa nan take, fitila ta yi ja. Wayoyin yanzu kuwa suna da tsarin tattalin batir da na data, kuma mu da muke fama da wuta kusan kullum a kunne muke barinsu. Su ne ke hana Gmail aiki a bayan fage, saƙo ba zai sauko ba sai ka buɗe manhajar ka ja allon ƙasa. Shiga saitin wayar, sashen manhajoji, zaɓi Gmail, ka cire masa takunkumin batir, ka ba shi damar jan data a bayan fage, sannan ka tabbatar daidaita saƙonni na kunne a saitin asusun. Bayan haka duba Spam da Promotions. Gayyatar intabiyu na iya kwana a can, kuma abin da ke Spam kwana 30 kawai yake yi a goge shi.

In duk an yi wannan saƙo bai shigo ba, duba ma'aji. Kyautar da Google ke bayarwa 15 GB ce, kuma Gmail, Drive da Google Photos ne ke rabonta. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma cikinta take shiga. Bidiyon biki da na walima suna cinye ta ba a sani ba, kuma in ta cika ba ka aikawa, ba a aiko maka. Ka rage bidiyo, ka cire su daga ajiyar WhatsApp, ka zubar da kwandon shara.

Wani kuma zai rantse saƙo ya ɓace a gabansa. Yawanci yatsa ne ya goge shi gefe, Gmail ya adana shi. Yana nan a All mail.

Ta ɓangaren aikawa, allon waya ƙarami ne, kuma madannin na son yi wa mutum gyara. Ana rubuta gmail.con, ko gmial, ko a bar tazara bayan ɗigo. Harafi ɗaya ya isa ya kai takardunka wurin baƙo ko ya dawo da su. In ka ga saƙo daga Mail Delivery Subsystem, ba amsa ba ce, sanarwa ce cewa naka bai isa ba. Kwafo adireshi ka liƙa ya fi bugawa da hannu. Sannan danna aikawa ba ya nufin ya tafi. Idan sabis ya yi rauni, kamar yadda yake yi a cikin jirgin ƙasa bayan an bar Rigasa, saƙon zai zauna a Outbox yana jira. Sai ka gan shi a Sent ne za ka ce ya tafi. Ranar rufe karɓar takardu wannan dubawar ba ƙaramin abu ba ce.

Masu neman aiki, ku nake ji, domin a nan ake asarar dama a banza. Ana ɗaukar imel kamar WhatsApp: a bar gurbin take fanko, a rubuta "slm" kawai, sai hotuna bakwai na takardun makaranta da aka ɗauka a kan katifa, inuwar hannu ta rufe rabin sakamakon, yatsan ƙafa na leƙowa daga gefe. Ma'aikacin da ke da ɗaruruwan saƙonni a gabansa ba zai juya waya yana neman sunanka ba. Manhajar Google Drive tana da sikana a cikinta: shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, ɗauki shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa maka su PDF guda. Sa wa fayil ɗin sunanka. A gurbin take rubuta aikin da kake nema, a ciki ka yi gaisuwa, layi uku na bayani, cikakken suna da lambar waya. Iyakar abin da Gmail ke ɗauka a liƙe 25 MB ne, in ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Drive, wanda mai karɓa zai iya kasa buɗewa in ba ka ba da izini ba. Adireshin da ka buɗe da laƙabin samartaka kuma a bar shi ga abokai, a buɗe wani da sunan da ke kan takardun shaida.

Masu tura sanarwar ƙungiya ko ta tsofaffin ɗalibai su sa adiresoshin jama'a a Bcc, gurbin da ke ɓoye adiresoshin waɗanda aka tura wa, kada kowa ya ga na kowa. Wanda aka saka masa imel ɗin ofis a waya ya ce a saita masa shi da tsarin IMAP, wanda ke barin saƙonni a asusun, domin ɗaya tsarin, POP, na iya kwashe saƙonnin zuwa na'ura ɗaya.

Waya tana nuna sunan mai aiko saƙo ne kawai, ta ɓoye adireshinsa, 'yan damfara kuma sun san haka. Za ka ga sunan bankinka ɓaro-ɓaro, da gargaɗin cewa za a rufe asusunka in ba ka sabunta BVN cikin awa 24 ba, ko albishir na tallafin gwamnati. Taɓa sunan, adireshin gaskiya zai fito. Hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng adireshinsu ke ƙarewa, manyan makarantu da .edu.ng, kuma babu bankin da ke neman lambar sirrin katinka ta imel. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka taɓa mahaɗin, je reshe ka tambaya. In kuma ka riga ka shigar da bayananka, kira banki a toshe katin nan take, sannan ka canza kalmar sirrin imel ɗin.

Ranar da za ka sayar da wayar ko ka ba ƙaninka, shiga sashen asusu ka cire naka tukuna, sannan ka wanke ta. Cire asusu daga waya ba ya goge saƙonninka, suna nan za ka same su a sabuwar.