Yadda nake matse baka mai wili lafiya

Bakan da na sani ina yaro, in za a cire masa tsirkiya, maharbi kan kafa kai ɗaya a ƙasa, ya danna da gwiwa, ya zare abarsa. Baka mai wili, wato bakan zamani mai wili a ƙarshensa na sama da na ƙasa da tsirkiya ke bi ta kansu, ba a yi masa haka. Tun da Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Mizuri, ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1969, ƙarfin baka ya koma cikin gajerun fukafukai masu tauri, wato sassan bakan masu lanƙwasa na sama da na ƙasa, waɗanda tsirkiya da kebul (ƙarin igiyar da ke bi ta kan wili) ke riƙe da su a lanƙwashe dare da rana. Wanda nake farautar barewa da shi a nan Amurka nauyin jansa fam 70 ne, amma abin da ke danne a fukafukansa ya ninka haka. Galibi sai da mamatsi, na'urar da ke matse fukafukan har tsirkiya ta saki, ake iya sassauta shi.

Fara da duba ƙirar bakanka. Na da, fukafukansu a miƙe suke, kuma tsofaffin mamatsai a jikin mariƙi, wato tsakiyar bakan inda ake riƙewa, suke tokarewa su danna tsakiyar fiffike. Na yanzu kuwa fukafukan a kwance suke, na sama da na ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wasu ma sun zarce sun karkato ciki. Ka sa irin wannan a tsohon mamatsi, ko dai mariƙi ya murɗe, ko fiffike ya tsage, ko bakan ya sulluɓe ya yi tsalle. Abin da ya dace da shi shi ne mamatsi mai yatsu, mai kama fukafukai a can ƙarshensu kusa da wili, kamar EZ Press na kamfanin Last Chance Archery. Akwai kuma ƙaramin na tafiya, Bowmaster, mai igiyar ƙarfe da noti mai zare irin na jak, wanda ke buƙatar ƙarafan haɗi daidai da fukafukan bakanka. Littafin da ya zo da bakan zai gaya maka irin mamatsin da aka amince da shi, da ko sai ka sassauta notikan fukafukai tukuna. In ya ce a sassauta, ɗauki alanki ka ƙirga juyi, sama da ƙasa daidai wa daida, kada ka wuce adadin da aka rubuta.

Kafin komai na kan cire kwari da sandar daidaita nauyi, in sa tabarau na kariya, sannan in ɗauki hoton kowane wili da waya, gaba da baya. Hanyar da kebul ke bi tana da sauƙin mantawa da zarar ya saki.

Wurin ɗora yatsu ne nake so ka fi nutsuwa. Kowane yatsa ya zauna sosai a kan ƙarshen fiffike, in fiffiken rabe yake gida biyu, kowane ɓangare da nasa yatsan, kuma wili ya samu sarari a tsakiya yana juyawa. A jikin wili akwai 'yar ƙusa mai tsayar da ja. Ita na taɓa karyawa. Gaggawa nake yi ana saura kwana biyu a buɗe farauta, ban lura ta jingina da yatsan mamatsi ba, ina juya hannu sai na ji ƙas. Mako biyu na yi ina jiran sabuwa, kuma na gode Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe, bai kai ga idona ba. Tun daga ranar, in na ga za ta taɓa, sai in sa alamar raminta in kwance ta.

Juya hannun mamatsi a hankali, hannu ɗaya na tallabe da bakan har ya kamu. Tsaya a gefe, kada fuskarka ta yi saiti da fukafukai, kada kuma yatsanka ya shiga ramukan wili. Da zarar tsirkiya ta yi sako-sako yadda za ka iya ɗaga ta daga kwarminta, tsaya. Duk juyin da ka ƙara bayan nan wahalar da fukafukai kawai kake yi. In ka ji ƙara ko ka ga yatsa na zamewa, koma baya ka sake zaunar da shi.

Sakin ya fi matsewar haɗari. Bi kowane kwarmi da ido da ɗan yatsa, ka tabbata madaukan tsirkiya da na kebul sun zauna a ƙusoshinsu, ka gwada da hoton da ka ɗauka. Saki kaɗan har igiyoyi su fara ɗaukar nauyi, dakata ka sake dubawa, sannan ka ƙarasa. Mayar da 'yar ƙusar nan raminta, ka mayar da notika yawan juyin da ka ƙirga.

Jan farko, ɗora kibiya ka fuskanci abin bara, domin baka mai wili in ya kuɓuce ba kibiya yana iya tarwatsewa a hannunka. Ja a hankali kana sauraro, ka sa wani ya tsaya a gefe ya duba ko wili na sama da na ƙasa suna isa tare.