Yadda zaka sa mod (fayilolin da ake ƙara wa gem don canza shi) a GTA San Andreas na kwamfuta

Da farko ka kwafe foldar gem ɗin gaba ɗaya ka ajiye gefe, don Allah kar ka tsallake wannan. Sannan ka tabbatar gta_sa.exe ɗinka, wato fayil ɗin da ke kunna gem ɗin, bashon 1.0 ne, yawancin mod da shi suke aiki.

Sai ka sauke ASI Loader da Mod Loader, su ne ke sa gem ya loda mod, ka zuba cikin foldar gem. Kowane mod ka buɗe masa foldarsa daban a cikin foldar modloader da ke cikin foldar gem, in ya kawo matsala ka goge ta kawai shikenan.

Hotunan jikin motoci da gine-gine kuwa, in laftof ɗinka ba ƙarfi kar ka biye ma masu 4K ɗin nan, buɗe fayil ɗin .txd da hotunan ke ciki da manhajar Magic.TXD ka rage girman hoton zuwa 512 ko 1024 ka matse da DXT (tsarin matse hoto ne) kayi sebin, sai ka kunna gem ka gwada kafin ka ƙara wani.