Yadda Ake Zaɓen Libar Giya ga Keken Tirayatilon

Tirayatilon gasa ce da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu, kuma a zangonta mafi shahara, wato Ironman da aka fara a Hawai a 1978, keken kaɗai yana cin kilomita 180. Mai tafiya irin wannan ba ya zama a miƙe. Yana kifa gwiwar hannunsa a kan matasai biyu, ya kama wasu sanduna da suka miƙe gaba kamar ƙahoni, domin ya rage dukan iska. Da irin waɗannan ƙahoni, waɗanda ya aro daga 'yan tirayatilon, ɗan tseren keke Greg LeMond ya cinye gasar keke ta zagayen Faransa ta 1989 da ratar daƙiƙa 8 kacal. Tunda hannu a bakin ƙaho yake yini, a nan ake ɗaura abin canja giya, wato liba.

Kafin a shiga kasuwa, a tsuguna a bayan keken a ƙirga faifan haƙoran da ke jikin tayar baya, ko 10 ne, ko 11, ko 12, sannan a karanta sunan kamfanin da ke rubuce a jikin na'urar da ke tura kaca daga faifai zuwa faifai. Dalili shi ne, libar kebur tana jan waya da wani ƙayyadadden tsawo a kowane ƙas, wato kowane canjin giya ɗaya, kuma awon kamfanin Shimano daban yake da na kamfanin SRAM, haka nan a kayan Shimano ɗin ma awon mai 10 ba lallai ne ya yi daidai da na mai 11 ba. Na taɓa sayen libar wani kamfani ta hannu saboda arha, na haɗa ta da na'urar wani kamfanin. Giya uku na farko suka shiga lafiya, daga ta huɗu kuwa kaca ta riƙa tsalle tana ƙara, na kwana biyu ina murɗa kusoshi kafin na gane cewa laifin ba na saiti ba ne. Haka kuma a auna ramin bakin ƙahon, domin ko da yake kaurinsa na waje yawanci milimita 22.2 ne, faɗin cikinsa yana bambanta, musamman a ƙahonin kabon, kuma a cikin ramin ne gindin libar yake buɗewa ya kama.

Daga nan sai babban zaɓi: ta kebur ko ta lantarki. Ta kebur tana da arha, ba ta neman caji, kuma duk mai gyaran keke zai iya sauya mata waya. Wadda aka saba gani tana tsayawa inda aka tura ta, har mutum ya san giyar da yake kai da kallo ɗaya. SRAM kuma tana da samfurin R2C wanda yake komawa tsakiya bayan kowane canji, saboda kada wuyan hannu ya riƙa lanƙwasa. Wasu libobin suna da zoben da ake juyawa a kashe ƙas-ƙas ɗin, sai liba ta riƙa tafiya sumul ana saita kaca da kunne, abin da yake ceton mutum idan keken ya faɗi na'urar baya ta ɗan karkace ana tsakiyar gasa.

Aibin ta kebur guda ne, amma babba. A hawan tudu, da kan kwana, da lokacin fitowa daga wurin sauya kaya, hannu yana komawa kan sandar ƙasa kusa da birki, giya kuwa tana can gaba. Mutumin da ya fito daga ruwa yanzu, yatsunsa a jiƙe, numfashinsa sama-sama, dole ya saki hannu ɗaya ya miƙa gaba ya canja giya yana tangaɗi. Ta lantarki ta warware wannan, domin maɓalli ne kawai, ana iya sa ɗaya a bakin ƙaho, wani a jikin birki. Shimano ta fito da tata ta lantarki, Di2, a 2009, mai batir ɗaya wanda daga baya aka koma ɓoyewa a cikin keken, SRAM kuma tana da eTap marar waya, inda na'urar tura kaca ta gaba da ta baya kowacce take da batirinta, har ana iya musanya na gaba da na baya idan ɗaya ya mutu. A lura cewa samfuran Shimano na Dura-Ace da Ultegra masu faifai 12 da suka fito a 2021 na lantarki ne zalla. A ganina, wanda gasarsa a shimfiɗaɗɗen titi take, ta kebur ta wadatar da shi, gara ya kashe rarar kuɗin wajen daidaita zamansa a kan keken. Mai fuskantar tuddai da kwanoni ne kuɗin ta lantarki yake yi wa rana.

Saura batun suna, wanda kan jawo a aiko wa mutum abin da bai nema ba. Kalmomin keke kusan duk na aro ne, kuma ba Hausa kaɗai ta yi aron ba. Mu mun karɓi giya da birki da feda da liba daga Turanci, sirdi kuwa muka sauke shi daga kan doki, shi ma asalinsa Larabci ne. Turancin kansa daga Faransanci ya ɗauko direla, sunan na'urar tura kaca, daga kalmar da ke nufin gocewar jirgin ƙasa daga kan dogo, haka ma kaset, wato jerin faifan baya. Matsalar ita ce a bakinmu giya tana iya nufin liba, ko direla, ko kaset ɗin. Saboda haka idan za a yi oda, a rubuta sunan kamfani, da lambar samfurin da ke jikin direlar, da adadin faifai, a kuma haɗa da hoton bakin ƙahon.